Gwiɓar Gindin Kwalba da Gwiɓar Gindin Ƙwarya

A Ingila da Beljiyam akwai wata irin giya wadda masu dafa ta ba su tacewa, ba su kuma kashe ƙwayoyinta da zafi kafin su ɗura ta. Sukan bar mata yis mai rai da ɗan sukari, su toshe bakin kwalba, su ajiye ta makonni tana ci gaba da nuna a ciki. Iskar da ke sa ta kumfa a nan take haifuwa, yis ɗin da ya gama aikinsa kuma ya kwanta a gindi ya zama gwiɓa. Wanda ya san kanta yakan tsayar da kwalbar kwana ɗaya ko biyu, ya sanyaya ta kaɗan, misalin digiri 12, ya tsiyaya a hankali don kada gwiɓar ta tashi. Daga nan ya duba launi, ya shinshina, ya kurɓa, ya jira abin da zai saura a harshe, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya rubuta.

Kada mai karatu ya zabura. Giya haramun ce ga Musulmi, ba a kuma kawo wannan bayani don a kwaɗaita wa kowa ita ba. Abin lura shi ne alƙalamin. A 1971, lokacin da manyan masana'antu suka kusa shafe giyar gargajiyar Ingila da tatacciyar giya mai ɗanɗano ɗaya, mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don su kare ta. Makaminsu shi ne koya wa jama'a bambance mai rai da matacciya, da ba kowane ɗanɗano suna. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin gadon ɗan Adam. Mutane sun ɗauki abin shansu da daraja, har duniya ta bi su a kan haka. A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa akwai abin sha mai rai, halattacce, mai ƙosarwa, wanda kusan kowane gida ke damawa kullum rana, amma an rasa mai ɗaukar masa alƙalami.

Furar hatsi da nono ita ce abincin rana na manomi tun kaka da kakanni. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta Katsina, ya sha ambaton ta cikin labarin tafiyarsa. Abin da ke faruwa cikin ƙwaryar kindirmo da aka rufe da faifai ta kwana ɗan'uwan abin da ke faruwa cikin waccan kwalba ne. Bambancin yana wajen ma'aikatan. A kwalbar Bature yis ne ke cin sukari ya fitar da barasa da iska. A ƙwaryar Bafillata wasu ƙwayoyi ne dabam ke cin zaƙin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma ya daskarar da ita. Haka ƙullun koko da aka bari ya kwana. Ko kunun zaƙin da ake sayarwa cikin gorunan roba a tashar Cadawa ko kasuwar Tsibiri, in rana ta yi tsaka sai a ga gorar ta kumbura, in an buɗe murfi ta yi tsaki. Kunun bai mutu ba, aikinsa yake ci gaba da yi. Mai sayarwa ta san haka sarai, ta san sa'ar da ya fi daɗi da sa'ar da ya wuce gona da iri, ko da ba ta taɓa jin sunan Louis Pasteur ba, wanda ya wallafa bincikensa a kan giya a 1876.

Harshen Hausa ma bai gaza ba wajen kalmomi. Akwai zaƙi da galmi, akwai tsami da yami, akwai ɗaci da bauri da maƙaƙi. Akwai garɗin hatsin da ya ji wuta daidai, da gafin wanda bai dahu ba, da ƙaurin wanda ya kama gindin tukunya. Akwai ƙarnin ɗanyar madara, da zartsin ruwan wata rijiya, da lamin furar da aka cika wa ruwa. Tsohuwa ɗaya da ludayi ɗaya za ta faɗi ko nonon kindirmo ne ko tsala, ko an haɗa shi da garin kuka don ya yi kauri, ko dawon ya sha kirɓi, ko citta ta danne kanumfari. Wannan rukuni na kalmomi ya burge masanin harshe F. W. Parsons har ya keɓe masa nazari na musamman a 1955. Abin takaici, yaron da ya gama firamare a Gangara ko Cadakori ana iya tambayarsa yadda furar gidansu take, ya ce “da daɗi”, shi ke nan kalmominsa sun ƙare.

Laifin farko na masu ilimin boko ne. Akwai ma'aikacin da zai zauna ya saurari Bafaranshe yana kwatanta cukun ƙauyensu ko ruwan inabin wani tudu na rabin sa'a, ya dinga gyaɗa kai yana cewa wannan ita ce wayewa. Shi ɗin ne kuma in baƙo ya zo gidansa zai aika a sayo lemon kwalba, a ɓoye ƙwaryar fura a ɗaki kamar abin kunya. A tarurrukan ƙungiyoyin al'adu ma haka abin yake. Za a yi jawabi mai zafi a kan kare gargajiya, a kira makaɗa, a yi kirarin ƴan kokowa, in aka tashi shan ruwa sai a jera kwalaben ruwan sukari mai launi. Wanda ya shayar da baƙonsa abin da ba a noma a gonarsa ba, alhali rumbunsa cike yake, ya riga ya gaya wa ƴaƴansa abin da yake ɗauka da daraja, ko bai buɗe baki ba.

Wannan raini yana da farashi. Tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta ke tatsa a 2015, garin madara ya ƙara kwararowa Afirka ta Yamma, kuma kaso mai yawa nasa madara ce da aka cire mata mai aka maye gurbinsa da man kwakwar manja don ta yi araha. Da shi ake haɗa yawancin abin da ake ɗaurawa a leda a kira shi nono. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya da manoma na yankin suka ƙaddamar da gangamin kare madarar gida saboda wannan matsala. Amma gangami ba ya cin nasara a bakin da bai san bambanci ba. Kama da wane ba ta wane ba ce, sai dai ga wanda ya san wanen. Harshen da ya tashi da zaƙin leda zai ji kindirmon gaske ya ce ya lalace, kuma ranar da masu saye suka zama haka, matar makiyayi ta rasa kasuwa, mai kirɓa dawo ta rasa sana'a, manomin zango ya rasa dalilin adana irinsa.

Laifi na biyu ya fi wuyar faɗa. Akwai masu ganin cewa duk abin da ya shafi giya a tarihin ƙasar nan a binne shi, kada a tambaya, kada a rubuta. Alhali kuwa kowa ya san Katsinawan da suka kafa mulki a Maraɗi bayan jihadi, da Gobirawan da suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun zauna ne tare da Azna manoma, har sarautar Sarkin Anna tana da matsayi a fadar Gobir. Giyar dawa tana cikin rayuwar Azna, a gayya da biki da makoki da wajen tsafi. Joseph Greenberg ya rubuta a kan Maguzawan Kano a 1946, Guy Nicolas ya rubuta a kan mutanen kwarin Maraɗi a 1975, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci. Da yawa daga cikin jikokin mutanen da aka yi wa tambayoyin Musulmi ne yau, ba su sha, ba su dafawa, kuma ba wanda ke kiran su su koma. Sai dai in suna son sanin yadda kakanninsu ke jiƙa dawa, su bar ta ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su bari ta yi tsami, su sake dafawa, su zuba gwiɓar tsohuwar tukunya cikin sabuwa, dole su nema a harshen wasu. Rubuta yadda aka yi abu ba halatta shi ba ne. In da haka ne da malaman tarihi sun zama mayaƙa da masu fataucin bayi.

Malaman fiƙihu ma ba su gudu daga wannan ilimi ba. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya tarar da hanin yin tsimi a cikin duma da cikin mazubin da aka shafe da ƙaro, masu sharhi kuma sun bayyana cewa irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyewar tsimi ya zama mai sa maye. Sun tattauna hukuncin giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan tsami. Wato sun lura da mazubi da zafi da tsawon kwana, suka ja iyaka a inda maye ya fara. Mai son tsare wannan iyaka yana bukatar sanin abin da ke faruwa cikin tukunya. Jahilci bai taɓa tsare kowa daga haram ba.

Akwai kuma maganar rai. Jahar Maraɗi ta ga abin da tamowa ke yi wa yara a 2005, kuma matsalar ba ta kau ba. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne kunun yaye. In aka yi shi da kauri jariri ba ya iya haɗiya, in aka tsinka shi da ruwa cikinsa ya cika da ruwa ba abinci. Maganin da masana abinci suka yayata a Tanzaniya a shekarun 1980 shi ne garin hatsin da ya tsira. Ɗan kaɗan daga cikinsa in aka zuba a kunu mai kauri da ɗuminsa, sai ya tsinke cikin ƴan mintuna ba tare da an ƙara ruwa ba, domin tsiron yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci. Wannan shi ne matakin farko na aikin masu dafa giya, ba ragi ba ƙari. Su ne kuma suka san a murje saiwa da tohon dawar a zubar, abin da bincike ya gaskata, domin tohon dawa yana da guba. Dabarar da aka ƙyamata saboda inda aka gan ta, ga shi tana iya ƙosar da jariri ba tare da ɗigon barasa ba.

Za a ce fura da nonon kasuwa suna kawo ciwo. Wani lokaci gaskiya ne. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan shanu, ruwan da ba shi da tsabta yana kawo gudawa da kwalara, gorar robar da aka tsinto a bola ba mazubin abinci ba ce. Amma duk waɗannan laifin ruwa ne da hannu da mazubi. Tsamin kansa kariya ne, domin yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba su yaɗuwa a cikinsa, yana kuma taimaka wa jiki ya ci moriyar sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi. A tafasa madara kafin a kwantar da ita, a dama da ruwa mai kyau, a wanke ƙwarya a shanya ta a rana. Ba a ƙone rumbu don ɓera ya shiga.

Aikin da ya rage ba ya bukatar kuɗin wata ƙasa. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshen da ya samu wannan matsayi dole ya iya bayyana kimiyya, kuma babu ɗakin gwaji mafi kusa da ɗalibi kamar ƙwarya biyu na madara, ɗaya a inuwa ɗaya a rana, a ɗanɗana da safe da azahar da la'asar, a rubuta abin da aka ji. Malamin makaranta yana iya aika ɗalibansa su tattaro kalmomin ɗanɗano daga bakin kakanninsu mata, kowane ƙauye da nasa. Ƙungiyar al'adu da ke shirya gasar waƙa tana iya shirya gasar damu, alƙalanta su zama tsofaffin mata, a kuma rubuta dalilin kowane hukunci da suka yanke. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da sashen aikin gona da zai iya auna abin da harshensu ya gano. Ragowar tsofaffin da suka ga tukunyar Azna da idonsu kuma a naɗi muryarsu da mutunci, tun suna da sauran numfashi.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta karɓi sanin yadda ake yin aceke, garin rogon da matan Kodibuwa ke tsimawa, cikin gadon ɗan Adam. Matan Gidan Rumji ba su gaza su gwaninta ba. Abin da matan Kodibuwa suka samu shi ne ƴaƴan da suka yi karatu suka dawo suka zauna gaban turmi da takarda.