Kujama: Ba Yawan Buhunan Taki Kaɗai Ke Cika Rumbu Ba

A shekarar 2016 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko kan shigo da sinadarin fosfet don haɗa takin zamani, sannan a 2022 farashin taki ya yi tashin gwauron zabo. Manomin masara a Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, shi ke ɗaukar wannan nauyi. Abin takaici kuwa, akasarin fosforas ɗin da ya zuba ba ya isa ga shuka a daminar, domin jar ƙasa irin ta kudancin Kaduna riƙe shi take yi.

A nan ne wasu ƙwayoyin halitta dangin funfuna, waɗanda masana ke kira maikoriza, ke da rana. Cikin saiwa suke zaune, suna miƙa zaruruwa da suka fi gashi siranta zuwa inda saiwa ba ta kai ba, su kawo fosforas, shuka ta biya su da sukari. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Sai dai ba sa ƙirƙirar fosforas, saboda haka duk dillalin da ya ce sun maye gurbin takin supa, ruɗi yake yi. Ya kamata masu zuba jari a noman masara da waken soya su san cewa yawan kaftu da barin gona tsirara na lalata zaruruwan, kuma zabga supa fiye da kima na sa shuka ta juya musu baya. Wanda aka yi wa tallan ƙwayoyin a leda, ya nemi shawarar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin ya fitar da kwabo.