Sabon malamin jami'a ma yana buƙatar a koya masa koyarwa

Wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya ya kammala digirinsa na biyu da sakamako mai kyau, sai wata jami'a ta ɗauke shi aikin koyarwa. Ranar da ya kama aiki, shugaban sashe ya miƙa masa takarda mai ɗauke da sunayen kwasa-kwasai biyu da lokutan shiga aji, ya yi masa fatan alheri. Iyakar horon da ya samu ke nan. Mako na zagayowa ya tsinci kansa a gaban ɗaruruwan ɗalibai, babu lasifika, wasunsu ma sun girme shi. Ya faɗa mini cewa tsohon littafin da ya rubuta lacca lokacin yana ɗalibi ya ɗauko, ya riƙa karanto musu suna rubutawa har zangon karatu ya ƙare.

Ban ga laifinsa ba. Abin da aka yi masa ya maimaita. Laifin na tsarin da ya ɗauka cewa duk wanda ya san ilimi ya iya koyar da shi ne.

A Najeriya, mai son koyarwa a firamare sai ya mallaki aƙalla shaidar NCE, ya yi koyarwar gwaji ana duba shi, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN. Likita ba ya cin gashin kansa sai ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci. Amma malamin jami'a, wanda shi ne ke yaye likitan da malamin firamaren, digiri kawai ake tambayarsa. In ba a tsangayar ilimi ya yi karatu ba, zai iya kaiwa matsayin farfesa ba tare da ya taɓa zama darasi ɗaya a kan dabarun koyarwa ba.

Ko a makarantun allo ba haka ake yi ba. Gardi yana biya wa ƙananan almajirai karatu ne alaramma na kusa, yana ji, yana gyara masa. Sai an gamsu da shi kafin ya kafa tasa makarantar.

Aikin malamin jami'a kuma ya wuce tsayawa gaban allo. Shi zai tsara tambayoyin jarrabawa, ya duba takardu, ya haɗa maki, ya duba aikin binciken ɗaliban ajin ƙarshe, wani lokaci a ɗora masa kula da rajistar aji guda. Kowanne daga cikin waɗannan, kuskure kaɗan na iya jawo wa ɗalibi maimaita kwas ko ƙarin shekara, iyayensa su sake biyan kuɗin makaranta da na haya. Akwai kuma batun iyaka tsakanin malami da ɗalibi: karɓar kyauta, sayar da takardun lacca, keɓewa da ɗaliba a ofis. Matashin da ba a zaunar da shi an nuna masa hanya ba, abin da ya tarar ana yi shi zai ɗauka daidai ne.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne tsarin ƙarin girma. Daga ƙaramin malami zuwa farfesa, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne digiri da yawan maƙalun da aka wallafa. Sabon malami ba ya daɗewa yake gane cewa ko ya kashe dare yana shirya darasi, ba shi ne zai ɗaga shi ba. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku, su halarci tarukan ilimi, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai digirin digirgir bincike yake koyarwa, ba yadda za a fahimtar da ɗan aji ɗaya da ya fito daga sakandare da raunin Turanci ba.

A ƙarshen 2022 hukumar NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa jami'o'i kashi 30 su cike da abin da ya dace da su. Manhaja komai kyanta a takarda take, malami ne ke kai ta aji.

Na san abin da wasu za su ce: albashi bai isa ba, manyan malamai na ficewa ƙasashen waje, waɗanda suka rage aiki ya yi musu katutu, ga yajin aiki irin na wata takwas da ASUU ta yi a 2022. Duk gaskiya ne. Amma ficewar manya ita ce ma ta sa batun ya zama na gaggawa, domin matasa ne ke cike gurbinsu. Kuma gyaran ba ya buƙatar sabon gini ko biliyoyin naira.

A Birtaniya, tun bayan rahoton Dearing na 1997, jami'o'i da dama suka mayar da kwas ɗin koyon koyarwa sharaɗi ga sabon malami a shekarunsa na gwaji. Mu ma muna da kayan aikin. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da tsangayar ilimi cike da masana wannan fanni. Me zai hana su horar da abokan aikinsu na sauran sassa?

Shawarata ita ce kowace jami'a ta ware makonni biyu na horo kafin sabon malami ya shiga aji. A haɗa shi da babban malami guda da zai riƙa shiga ajinsa lokaci zuwa lokaci, ya duba tambayoyinsa na jarrabawa, kuma a lissafa wannan ɗawainiya cikin aikin babban malamin. A rage wa sabon malami kwasa-kwasai a shekarar farko. A saurari ra'ayin ɗalibai ta takardar da ba sa sa suna. Sannan ingancin koyarwa ya samu maki na gaske wajen tabbatar da aiki da ƙarin girma.

Abokin nan nawa ya ci sa'a a shekararsa ta biyu. Wani dattijon malami da ke dab da ritaya ya ja shi a jiki, ya nuna masa yadda ake raba babban aji rukuni-rukuni da yadda ake tsara ma'aunin ba da maki kafin a fara duba takardu. Yau ɗalibai na rububin ajinsa. Amma waɗanda ya koyar a shekarar farko sun riga sun wuce da abin da suka samu. Bai kamata makomar 'ya'yanmu ta dogara da sa'ar haɗuwa da dattijo mai kirki ba. Hakkin majalisun jami'o'i da NUC ne su mayar da wannan doka.