Masaƙa Ta Rufe, Uwargida Ta Sha Duka

Jama'ar zango, ku saurara. A 2017 aka rufe masaƙar White Oak ta nan Greensboro. Mun san abin da kan biyo bayan sallama daga aiki: maigida ya komo da haushi, ya huce kan iyalinsa. A Amurka kuwa inshorar asibiti galibi da aiki take rataye, ya tafi ta bi shi. Sai mace ta kwana da karyayyen haƙarƙari don tsoron kuɗin magani, alhali dokar 1986 ta hana ɗakin gaggawa korar marar kuɗi. Dattawanmu su ce, "Haƙuri, 'yata, talauci ne." Ita ta rufe masaƙar? Tun 2015 akwai Family Justice Center a garin nan. Malamai, ku raka ta can.