Karen da Ke Cizo: A Kira Likita Kafin a Ɗauki Sanda

Kare ma'aikaci ne a ƙasar 'Yandoto. Daga 'Yandoton Daji zuwa Tsafe, daga bayan garin Gusau zuwa Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, shi ke bin mafarauta daji da rani, shi ke kwana a bakin garke, kuma a shekarun nan na rashin tsaro haushinsa na cikin dare kan zama gargaɗin farko da gida ke samu. Amma ranar da ya fara yi wa mutanen gida gurnani, ko ya kai wa yaro cizo, magani biyu aka fi sani: duka ko kisa. Kowanne daga cikinsu na iya jawo asarar ran mutum.

Abin da ya kamata a fara tsoro shi ne ciwon haukan kare. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, mai sanyi ya koma mafaɗaci, ko mai kuzari ya lafe a lungu yana dalalar da yawu, abin zargi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Saboda haka wanda kare ya ciza ya wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Shi kuwa karen, a killace shi kwana 10 bisa shawarar likitan dabbobi. Idan ya wuce su lafiya lau, bai ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon ba. Wanda ya kashe shi nan take ya jefar da gawar, ya binne amsar da iyayen yaro ke bukata. In har kisan ya zama dole, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa a ɗakunan bincike irin na cibiyar Vom da ke Jihar Filato.

Wani faɗan kuma ciwo ne ke kawo shi. Gyambon kunne, ruɓaɓɓen haƙori, ƙaya a tafin ƙafa ko raunin da aka samo a farauta kan sa kare ya cije hannun da ya taɓa wurin. Sanda ba ta warkar da ko ɗaya.

Idan an kawar da waɗannan, abin da ya rage galibi tsoro ne. Masu bincike biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun nuna a littafinsu na 1965 cewa tsakanin mako 3 da mako 12 na haihuwa ne kwikwiyo ke koyon wanda zai amince da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da aka ɗaure a bayan gida, aka hana shi ganin baƙi, ana dukansa don ya yi zafi, matsoraci ake rainowa, wanda ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara. Irin wannan kare yakan yi gargaɗi kafin ya ciji mutum: ya maƙale wutsiya, ya kwantar da kunnuwa, ya kau da kai, sannan ya yi gurnani. Idan aka doke shi saboda gurnanin, zai daina gurnani amma tsoron yana nan, sai wata rana ya yi cizo ba sanarwa.

Gyaran da ƙwararru ke yi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ana nuna wa kare abin da yake tsoro daga nesa, inda bai kai ga firgita ba, a ba shi ɗan nama, sannan a riƙa rage tazarar sannu a hankali cikin makonni, har ya danganta baƙo da alheri. Gogaggun mafarauta sun san cewa karen da ke dawowa idan an kira shi ya fi mai zafin banza amfani. Ko aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, da ta halatta abin da karen farauta ya kamo, horo ta gindaya a matsayin sharaɗi.

Wani zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da lokacin halayyar karnuka. Hujja ce mai nauyi, sai dai iyalin da tsaro ya sa suka ajiye kare, 'ya'yansu ne ke wasa kusa da shi kullum. Kuma abin da ake nema kaɗan ne. Asibitocin koyar da likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na iya horar da malaman dabbobi na Tsafe da Gusau da Bunguɗu su riƙa tantance ko hauka ne, ko ciwo, ko tsoro. Masu zagayen yi wa shanu allura su tafi da ta karnuka, tunda yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi kan katse yaɗuwar cutar. Shugabannin mafarauta kuma, da suka san kowane kare da ubangidansa, su ne za su tara su a rana guda, ko da 28 ga Satumba ce, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare za ta ƙare, kuma Zamfara ba za ta kai can ba sai mai kare ya san ƙofar likitan dabbobi kamar yadda mai saniya ya san ta.