Ba Kowace Faɗuwa Ce Hawan Iska Ba

A ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza har Madawa, idan yarinya ta zube a cikin aji tana magana da muryar da ba tata ba, hukunci a shirye yake: aljani ne. Sai a kira mai ruƙiyya, a turara mata hayaƙi, wani lokaci har a haɗa da bulala. Ba mai tambayar abin da ya taɓa samunta.

Masu wannan gaggawa, ko borin ma ba su sani ba. Borin Adar, wanda Nicole Échard ta wallafa littafi a kansa a 1989, yana da goge da fage da lokaci. Goɗiya ta san za a hau ta, kuma iska na sauka. Yarinyar da yini guda ke ɓace mata, ta tsinci rubutu a littafinta ba ta tuna ta yi shi ba, ita ba ta gayyaci kowa ba.

Cikin irin waɗannan yara akwai masu ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira rarrabuwar mutumtaka. Tun 2013 kundin likitocin Amurka ya amince cewa ciwon kan zo da kamar hawan iska. Tushensa galibi azaba ce mai maimaituwa tun ƙuruciya: duka, fyaɗe, wulaƙanci a gidan riƙo. Hankalin yaro ya kasa ɗauka, sai ya rarraba kayan. Abin da ke tayar da shi kuwa ɗan kaɗan ne: tsawa, wani wari, hannu da ya ɗaga sanda. Malamin da ya miƙa ta ga mai bulala, hannun nan ya sake ɗaga mata.