Inshorar Lafiya da Talakan Kongo-Rasha

Tun da Gwamnatin Jihar Filato ta kafa hukumar inshorar lafiya ta PLASCHEMA a 2019, zamanin Gwamna Simon Lalong, sa'an nan dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya bisa kowane ɗan Nijeriya, al'amarin ya zama amana a wuyan mahukunta, domin shi taimakekeniya ne irin wanda malamai ke kira ta'awuni, mai lafiya ya zuba domin majiyyaci ya samu magani. Ma'aikacin gwamnati ba shi da wahala, daga albashi ake yankar nasa. Amma mai tebur a unguwar Kongo-Rasha, da mai ɗinki, da mai tuƙa keke, waɗanda arzikinsu na yini guda ne, in an ce su tara kuɗin shekara su biya a dunƙule, haƙiƙa an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, kuma katin da ba a sabunta ba takarda ce kawai. A ganina maslaha ita ce a karkasa biyan wata-wata, a riƙa gyara rajista ta hannun masu unguwa da limamai da fastoci, waɗanda suka san wanda ya haihu, da wanda ya ƙaura, da marayun da suka cancanci asusun tarayya na kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati da dokar lafiya ta 2014 ta tanada. Hukuma ta zo unguwa da littafinta, kada ta jira talaka a ofis.