Wasiƙa Zuwa Ga Masu Saƙar Kwarashi: Kafin Ki Ɗauko Tsari A Intanet

Ya ku iyayena, yayyena da ƙannena masu riƙe da kwarashi, na cikin gida da na cibiyoyin koyon sana'a.  Na san akwai maza a cikinmu, musamman masu saƙa hula, to su yi mini afuwa idan suka ji ina ta cewa "ke" da "ki". Mu mata muka fi yawa, amma maganar ta shafi kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda wayoyinmu suka cika da hotunan saƙa, alhali kayan da muke kammalawa ba su taka kara sun karya ba. Mace za ta nuna miki rigar jariri, jaka, takalmi da mayafin gado, duk ta kwaso su daga Pinterest ko Facebook, ta ce da yardar Allah sai ta saƙa. In kika tambaye ta ido nawa ake farawa da shi, wane zare, wane kwarashi, sai ta yi shiru, domin hoto kawai ta ɗauko. Tsarin saƙa kuwa rubutu ne: yana faɗa miki kaurin zare da tsawonsa, girman kwarashi, yawan ido a kowane layi, da inda za ki ƙara ko ki rage. Irin wannan rubutu yana nan jibge a intanet, ba a biyan ko sisi. Sai dai zaren da za ki zuba a kai kuɗinki ne, makonnin da za ki ɓatar kuma naki ne, don haka zaɓen tsari na bukatar natsuwa kamar yadda saƙar kanta take bukata.

Wurin da zan fara tura ki shi ne Ravelry. An kafa shi a Amurka a 2007, masu saƙa miliyoyi ne suka yi rajista a cikinsa, kuma rajistar kyauta ce. Kina iya tace bincikenki ya fito miki da na kwarashi kaɗai, na kyauta kaɗai, masu sauƙi, har ma ki zaɓi kaurin zare da harshe. Amma abin da ya fi burge ni da shi daban ne. A ƙarƙashin kowane tsari akwai hotunan waɗanda suka riga suka saƙa shi da hannunsu, tare da bayanin zaren da suka sa da inda suka sha wahala. Nan za ki ga wata ta rubuta cewa hannun rigar ya yi mata tsawo, wata ta ce akwai kuskuren lissafi a layi kaza. Gani ya kori ji. Tsarin da mutane da yawa suka gwada ya fito musu daidai, shi ne ya cancanci zarenki, ko da hotonsa bai kai na wani ƙyalli ba.

Bayan shi sai shafukan kamfanonin zare. Akwai Drops na ƙasar Norway, da Lion Brand, tsohon kamfanin Amurka da ya faro tun 1878, da Yarnspirations. Dalilin da ya sa suke bayar da tsari kyauta a fili yake: zare suke sayarwa, suna son ki ga riga ki sayi zarensu. Wannan bai hana mu amfana ba, domin galibi ƙwararru ne suke tsara musu, ana kuma dubawa kafin a wallafa. 'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi su lura da Drops musamman, saboda yana fassara tsare-tsarensa zuwa harsuna da dama, har da Faransanci. Mai son bakin leshi na gefen mayafi ko shimfiɗar tebur kuwa ta leƙa Antique Pattern Library, inda aka tara tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ko ta nemi littafin aikin allura na Thérèse de Dillmont na 1886 a Project Gutenberg. Idan a Google za ki nema, ki rubuta "free crochet pattern" ki haɗa da sunan abin da kike so. Hular sallah ta maza, da sunan "kufi" za ki same ta.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asara, kuma ina roƙon ki karanta shi a tsanake. Turawan Amurka da na Ingila suna kiran idanun saƙa da sunaye iri ɗaya, amma abin da suke nufi ya sha bamban. Ɗauki gajeren ido, wanda kike soka kwarashi, ki jawo zare, ki fitar da madauki biyun a lokaci guda. Ba'amurkiya za ta rubuta shi sc, 'yar Ingila ta rubuta shi dc. Sai dogon ido, wanda kike naɗa zare sau ɗaya kafin ki soka, sannan ki fitar da bibbiyu sau biyu. Shi ne dc a wurin Ba'amurkiya, a wurin 'yar Ingila kuma tr. Kin ga ke nan harufan dc suna da ma'ana biyu, kuma dogon ido ya kusa ninka gajere a tsayi. Idan tsarin Ingila ne kika karanta shi da idon Amurka, abin da ya kamata ya fito a matse zai fito dogo mai ramuka, zare kuma ya ƙare miki tun ba ki gama ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki duba tsarin daga sama har ƙasa, in kika ga sc ko sau ɗaya ne, na Amurka ne, domin Ingila ba su da shi. Mai tsari na ƙwarai ma tana faɗa tun a farko. A Faransanci, ml ita ce sarƙa, ms gajeren ido, br kuma dogon ido.

Wadda Turanci yake ba ta wahala kada ta karaya. Akwai tsarin da ake zanawa da alamomi, wanda Japanawa suka ƙware a kai, kuma ba ya bukatar kowane harshe. Ɗan ƙwai yana nufin sarƙa, ɗigo baƙi shi ne idon haɗi, alamar x ko ta tarawa gajeren ido ce, harafin T mai sanda ɗaya a gicciye kuma dogon ido. Wuni guda ya isa ki haddace su, daga nan littafin Japan ko na Rasha ya zama naki.

Sai maganar zare, wadda ta fi damun mu a nan. Masu rubuta tsari suna ambaton zaren ƙasarsu, wanda ba za ki same shi a kasuwarmu ba, namu kuma sau da yawa ba ya zuwa da takardar da ke faɗin kaurinsa. A Amurka an raba zare aji takwas, daga 0 mafi siriri zuwa 7 mafi kauri, kuma aji na 3 da na 4 ne aka fi yin kayan jarirai da barguna da su. Don ki san ajin naki, ki naɗa shi a jikin rula ko fensir, kada ki ja shi da ƙarfi, ki ƙirga naɗi nawa ya cika inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Idan kin sami 9 zuwa 12, aji na 4 ne. Idan 11 zuwa 15 ne, na 3 ne, wato 11 da 12 suna iya faɗawa cikin kowane ɗaya daga cikin biyun. In ya yi siriri, ki haɗa biyu ki sake aunawa. Kada ki sayi zare da lissafin ƙunshi, domin ƙunshin wani kamfani giram 50 ne, na wani 100. Tsawon da tsarin ya faɗa za ki duba, mita ko yadi, sannan ki sayi duka a rana ɗaya, don rini yakan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Kwarashi ma da milimita za ki neme shi: abin da Amurkawa ke kira G-6 milimita 4 ne, H-8 kuma milimita 5.

Akwai wani ɗan aiki da kusan dukanmu muke tsallakewa saboda ɗoki, shi ne saƙa ƙyallen gwaji. Tsari zai ce ido kaza ne za su cika santimita 10. A ce ya ce 14, ke kuma hannunki mai matsi ne, kika sami 16. Bambancin ido biyu kamar ba komai ba ne. Amma rigar da aka tsara ta zagaye santimita 100 tana da ido 140, kuma a hannunki za ta tsaya a 87 da rabi. Ba za ta shiga jikin mai ita ba, ga shi kin karɓi kuɗin mutane. Da kin saƙa ƙyalle ɗan faɗin tafin hannu kin auna, da kin ƙara girman kwarashi tun farko magana ta ƙare. A mayafin kujera ko faifan tebur ana iya yafe wannan gwaji, amma a riga, hula da takalmi, ban yarda a yafe shi ba.

Ki kuma tuna yawancin masu tsarin nan a ƙasashen sanyi suke. Rigar ulu mai kauri, in ban da kwanakin hunturu, wahala kawai za ta ba jariri a Kano ko Maraɗi. Zaren auduga ya fi dacewa da mu a yawancin shekara. Maɓalli, duwatsu da doguwar igiyar wuya kuwa, ko tsari ya sa su, ki cire su daga kayan yaron da bai kai shekara uku ba.

Wata sabuwar matsala ta shigo tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka bazu daga ƙarshen 2022. Yanzu kwamfuta na iya haɗa hoton saƙar da ba a taɓa yin ta ba, ta kuma rubuta mata tsarin da ba zai taɓa fitar da ita ba. Irin waɗannan hotuna sun cika Pinterest da Facebook, wasu ma har sayar da su ake yi. Abin yana ɓata mini rai, domin masu koyo ne suka fi faɗawa, kuma idan saƙar ta ƙi fitowa sai yarinya ta ɗauka ita ce ba ta da basira, ta ajiye kwarashi. Ki buɗe hoton sosai ki bi layi ɗaya da ido. A saƙar gaske kina iya ƙirga idanu ɗaya bayan ɗaya, a ta bogi kuwa sukan narke cikin juna ko su ɓace a tsakiyar hanya. Ki nemi hoton baya, da hoton aikin yana rabi, da hannun mutum riƙe da shi. Sannan ki gwada lissafin. Da'irar da aka fara da gajeren ido 6, ƙa'idarta a riƙa ƙara 6 a kowane zagaye, ta tafi 12, 18, 24, in ana so ta kwanta lafiya. Da dogon ido kuma an fi farawa da 12 ana ƙara 12. Idan lambar da aka rubuta a ƙarshen zagaye ba ta dace da abin da umarnin ya ce ki yi ba, ki rufe shafin. Haka nan duk shafin da ya ce kyauta ne amma ya nemi lambar katin bankinki, ko ya ce sai kin sauke wata manhaja, ki fita daga cikinsa.

Bidiyon YouTube yana da amfani wajen koyon motsin hannu, musamman da yake ana iya rage saurinsa, kuma masu bahagon hannu suna da nasu. Amma yana cin data, ga shi ba kullum ake samun wutar caji ba. Shawarata ki kalla sau ɗaya da littafi a gefe, ki kwafe lissafin layi-layi, ki ci gaba da aiki daga takarda.

Saura maganar haƙƙi, kuma ba ƙarama ba ce. Matar da ta sa tsarinta kyauta a shafinta ta ɓata makonni tana saƙawa tana warwarewa, ta ɗauki hotuna, ta rubuta. Abin da take samu shi ne ɗan kuɗin tallan da ke bayyana idan mutane suka shiga shafin. In kika kwafe rubutun kika watsa a zauren WhatsApp, kin toshe mata wannan ƙofa. In kika goge sunanta kika sa naki, ko kika sayar wa ɗalibanki, kin ci haƙƙinta, ko da ba za ta taɓa sani ba. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, amma tun kafin doka addini da tarbiyya sun hana mu cin gumin wani. Adireshin shafin za ki tura wa ƙawarki ta shiga da kanta. Sayar da kayan da kika saƙa kuwa, da yawansu sun yarda, sukan dai roƙi a ambaci sunansu, kuma suna rubuta sharaɗinsu a ƙasan tsarin. Kada kuma ki yi tallan kayanki da hotonsu. Ki ɗauki na aikin hannunki, shi ne gaskiya tsakaninki da mai saye.

Duk wannan neman da muke yi, a harsunan wasu muke yin sa. Da ƙyar za ki ci karo da cikakken tsarin kwarashi da aka rubuta da Hausa, alhali a cikinmu akwai matan da suka shekara talatin suna saƙa hula, safar jariri da marfin kwano da ka, ba su taɓa duba takarda ba. Ina roƙon kowace ƙwararriya ta zaɓi abu ɗaya da hannunta ya faɗa a kai, ta rubuta shi da Hausa kafin hunturu mai zuwa: kaurin zare, milimitar kwarashi, ido nawa a santimita 10, da lissafin kowane layi. Wadda ba ta rubutu ta faɗa wa 'yarta ta rubuta mata. Ta ba ɗalibai biyu su gwada ba tare da ta sa musu baki ba, ta gyara inda suka ɓace, sannan ta sa sunanta a kai ta fitar da shi mu ma mu samu.

Allah ya sa wa sana'armu albarka.

Wassalam,
'Yar'uwarku a sana'a.